Ranar da Mai Sanda Ya Yabe Ni a Gaban Babana

Sun cinye filin. Kwanakin baya na je Woolwich duba wani abokina da aka yi wa aikin ido, da na fito na ce bari in hau tudun nan in leƙa inda muka yi ƙuruciya. Sai na tarar da dogayen benaye masu gilashi sun tsaya a wurin, an kafa shagon shan kofi daidai inda rumfar 'yan wasa take a da. Na yi ta waige-waige ko zan ga bishiya guda da na sani, babu. Wata yarinya mai tura keken jariri ta tambaye ni ko ɓata na yi, na ce mata a'a, amma ita ce mai gaskiya. Da na koma gida jikata ta ga na yi jugum, ta ɗauko waya ta lalubo mini mutumin da na ishe su da labarinsa, wai ko zan ware. Ga shi nan kuwa, ya tsufa tukuf, an zuba masa furanni a wuya har sun kusa toshe masa baki, yana ɗaga wa taron jama'a hannu a can Indiya. Su ɗan majalisa suke gani, wanda aka daɗe ana damawa da shi. Ni kuwa dogon mutumin nan nake gani mai hawa benenmu da jakar wasa a kafaɗa, wanda da bakinsa ya kusa sa a fitar da ni daga ƙasar nan, yana ganin alheri yake yi mini.

Gidan da muke haya a lokacin irin jerin gidajen nan ne masu manne da juna, mu a ƙasa, sama kuma ɗakuna ne na masu zuwa su tafi. Yaran yanzu ba za su gane London ɗin da nake faɗa ba. Da sassafe motar madara ce ke tashinmu, kwalabe suna karo da juna a bayanta, sai kuma kukan jirgin fito daga kogi. Falo kullum warin kananzir yake saboda abin ɗumama ɗaki, bango kuwa ba ya rabuwa da laima. Tarho guda ne a gindin bene, kowa na jin maganar kowa. Ni ne mai kai kaya shagon wanki ranar Asabar, ni ne mai janyo buhun shinkafa daga kasuwa. Kuka da daddawa sai in wani ya zo daga gida, Umma ta yi ta lallaɓa su kamar magani. Yau ka shiga shago a Woolwich ka tarar da su a jere a kanta, amma miyar ba ta ƙamshi irin na wancan lokacin, ko kuma hancina ne ya tsufa.

Babana ma'aikacin asibiti ne, shi ke ɗaukar hoton ƙashi, shi ya sa mutanenmu suke ce masa Likita. Ni ne ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, saboda haka kunya biyu ce ta haɗu a kaina. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Yaron nan" nake, in ransa ya ɓaci kuma "wancan". Ba ya aikena kai tsaye, sai ya dubi Umma ya ce a faɗa wa yaron nan ya sayo jarida, alhali ina tsaye a gabansa. Ƙannena kuwa har wuyansa suke hawa. A Kano wannan ba abin magana ba ne, duk ɗan fari haka ya tashi, kuma uban da ya nuna son ɗansa na fari a bainar jama'a ya zama abin zunɗe. Amma mu a London muke. Ina ganin iyayen abokaina Turawa suna tsaye bakin fili suna kiran sunan 'ya'yansu har murya ta dushe, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Yanzu 'ya'yana suna sumbatar 'ya'yansu na fari a tsakiyar titi, su ɗauki hoto su watsa wa duniya. Ina kallonsu, wani lokaci kunya ta kama ni, wani lokaci kuma in ji kishi.

Ba'indiyen nan duk bazara yake zuwa ya kama ɗakin sama. Ɗan wasan kurket ne na gaske, ya buga wa jiharsu, har an taɓa kiransa sansanin 'yan wasan ƙasa kafin kafaɗa ta ci amanarsa. Ƙungiyar unguwarmu ce ke ɗauko shi ya buga musu wasa a ƙarshen mako, sauran kwanaki ya koyar da matasa. Idan ya sayi sabuwar sandar bugu, sai ya shafe ta da mai, ya sa tsohuwar ƙwallo cikin safa, ya zauna yana dukanta ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun safe har kanmu ya ɗauki ciwo. Daga nan Umma ta raɗa masa Mai Sanda, sunan kuma ya bi shi. Mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Ya san duk masu tebur a kasuwa, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda council, wato ƙaramar hukumar unguwa, ta hana gida, shi ne ya tara mu 'yan haya muka je wa mai gida a kan laimar bango. Ba ya cin nama, abin da ya sa Umma take jin tausayinsa ke nan kamar maraya. Ta ce mutum har mutum amma sai ganye, sai ta soya ƙosai ta ce in kai masa.

Shi ya gan ni a bayan gida ina jifar gwangwani da dutse, ya leƙo ta taga ya ce in sake. Na sake. Washegari ya kai ni fili. Wasan ba wuya gare shi a faɗa ba: ana kafa 'yan turaku uku, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da sanda yana kare su, wani ya rugo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse yana neman ya zubar da su. Ni mai jifa na zama. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ciyawar da aka aske, da ƙarar ƙwallo a jikin katako, da tafin nan na Turawa marar zafi kamar suna tsoron tada mai barci, da tsofaffin matan da ke yanka burodi don hutun shan shayi. A filin nan ne kawai ake kiran sunana da ƙarfi. Kafin in gama sakandare ina zubar da turakun manya masu gemu, kuma na riga na yanke wa raina cewa wannan ce rayuwata.

Sai dai shekarun ba na kwanciyar hankali ba ne. Akwai samarin Turawan nan masu aske kai ƙwal da manyan takalma, suna tsayawa a tashar bas suna jiran baƙar fata ko Ba'indiye ya zo shi kaɗai. Mun san titunan da ba a bi, mun san in an gan su a gaba a tsallaka. Baba kuwa ya fi mu sani, domin shi ke ɗaukar hoton haƙarƙarin waɗanda suka faɗa hannunsu. Wata ranar Asabar ƙwallo ta tashi ta same ni a ƙashin ido, na dawo gida fuska a kumbure, farar rigata duk jini. Baba yana zaune yana sauraron rediyo. Ya ɗago sau ɗaya, ya mayar da kai. Na yi wa Umma bayani da ƙarfi don ya ji cewa ƙwallo ce, ba kowa ba ne. Sai bayan an ci abinci sannan ya ce a faɗa wa yaron nan zamansa a ƙasar nan ya ishe shi, gida za a mai da shi wurin kakarsa. Da safe na tarar an sauko da babban akwati daga kan kwaba an jingine shi a gindin bene.

Umma ta ja ni kicin ta ce in kwantar da hankalina. Ita ma ba ta kiran sunana, amma tana yi mini magana. Ta ce ta san mijinta, tsoro ne ya sa shi faɗa, kuma tunda a cikin ɗaki ya faɗa bai sa rana ba, in kowa ya yi shiru maganar za ta mutu da kanta, akwatin ya koma inda ya fito. Abu ɗaya ta roƙa, kada wanda ya taɓo masa zancen. To, a daidai wannan tsakanin ne masu zaɓen matasan 'yan wasan yanki suka ce in zo gwaji a ƙarshen bazara, amma suna son su ji daga bakin uba. Na hau sama na faɗa wa Mai Sanda, na kuma faɗa masa maganar akwati. Ya buga ƙirji ya ce in bar masa. Wai a garinsu idan ka yabi ɗa a gaban baƙin ubansa, uban ba ya iya cewa a'a, alfahari ne zai ɗaure masa baki. Na ce masa mu ba haka muke ba. Ya tambaye ni yaya muke, na rasa Turancin da zan fassara masa kunya da shi. Ya dafa kaina ya ce duk uba uba ne.

Babbar Sallah ta faɗo cikin bazarar nan, kuma a gidanmu ake taruwa. An kawar da kujeru an shimfiɗa zannuwa, falo ya cika da maza: ɗalibai, ma'aikata, wani Malam mai tsauri da ke zaune a Croydon, da Alhaji Mai Nama, dattijon zangon Kumasi mai shagon nama a Edmonton, wanda ya girmi kowa, Baba ma yana russuna masa. Ina zagayawa da buta da kwano ana wanke hannu sai ga Mai Sanda ya sauko cikin farar doguwar rigarsu, da kwalin alawar ƙasarsu a hannu. Ya tuɓe takalmi, ya gaida kowa, aka yi masa wuri. Bai zauna ba. Ya kamo hannuna, buta da komai, ya tsayar da ni a tsakiyar falo, ya kira cikakken sunana, sunan kakana, da murya irin ta filin wasa. Ya ce ya ga masu jifa a ƙasashe da yawa bai ga kamar wannan ba. Ya ce wata rana duk wanda ke ɗakin nan zai yi alfaharin ya san ni. Ina jin ruwan butar yana zuba a ƙafata na kasa motsi. Tauna ta tsaya, kowa ya sa ido a kwanonsa.

Da ya tsaya a nan da da sauƙi. Sai ya durƙusa gaban Baba ya kamo wuyan hannunsa.

"Likita, dubi ɗanka," ya ce. "Ɗora masa hannu a ka. Faɗa masa a gaban mutanen nan kana alfahari da shi."

Wani ɗalibi a lungu dariya ta kubce masa, ya mai da ita tari. Ina ganin wannan 'yar dariyar ce ta ƙarasa ni. Baba ya zare hannunsa a hankali, ya goge shi da gefen riga, bai dubi Mai Sanda ba, bai dube ni ba. Mutanen ɗakin ya duba.

"Wannan sakaran ake wa wannan hayaniyar?" ya ce. "Ai gida za shi. Kafin a buɗe makarantu ya bar gidan nan, in sha Allahu. Ku ne shaida."

Malamin Croydon ya ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri, ɗakin ya amsa da amin. Mai Sanda ba ya jin Hausa, yana ta murmushi yana duban fuskoki, yana zaton albarka ake sa mini.

Ranar Litinin Baba ya dawo daga aiki ya ce wa Umma, "An yi booking ɗin jirgi." Daga ranar akwatin ya bar jingine, aka kwantar da shi aka buɗe. Kullum in na dawo sai in ga ya ƙara cika: rigunan sanyi na kakata, sabulai na gwaggonnina, kayana a ninke a gefe guda. Abinci ya daina shiga mini. Ƙosai ya daina hawa sama. Da na fassara wa Mai Sanda abin da aka faɗa, ya tashi kamar zai fasa bango. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya tsani ɗan cikinsa haka ba, ya ce zai je council ya kawo ma'aikatan kula da yara. Ni kuwa na san in Bature ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba a kan maganata, ko gaisuwata ba zai ƙara amsawa ba har abada. Na tare ƙofar ɗakinsa ina kuka, ƙato da ni, na ce ya riga ya kashe ni sau ɗaya, kada ya ƙara. Umma tana gindin bene tana jinmu. Ta ɗaga murya, kamar da bango take magana, ta ce in mai surutun nan yana son gyara abin da ya ɓata, ya je Edmonton.

Tare muka je. Alhaji ya shigar da mu bayan shago, inda raguna ke rataye a ƙugiya, mutumin da ko ƙwai ba ya ci ya tsaya a tsakaninsu yana zufa. Alhaji bai daina sara ba yake magana. Ya ce wa Mai Sanda, Likita ba tsanar ɗansa yake ba, kai ne ka tuɓe shi a gaban mutane, shi kuma ya rufe jikinsa da abin da ya fi kusa da hannunsa, wato yaron. Ya ce da maganar cikin ɗaki ce da ta wuce, amma yanzu an kira shaidu an shafa addu'a, Likita ba zai iya janyewa ba ko da yana so, sai dai waɗanda aka faɗa a gabansu su taru su ɗauke masa ita. Saboda haka, in ji Alhaji, sai Mai Sanda ya bi su gida gida. Kada ya yi gardama, kada ya ambaci sunan yaro, kada ya ambaci wasa. Ya zauna ƙasa, ya ce ya yi rashin ladabi a gidan mutum ranar Sallah, ya karɓi abin da aka ba shi, ya rufe bakinsa. Mai Sanda ya tambaya, to in bai yi bayani ba yaya za su san abin da yake so? Alhaji ya ce duk sun sani tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Ban yi zaton zai iya ba, amma ya yi. Ya bar atisaye, ya bi bas da jirgin ƙasa ya karaɗe London yana neman ɗalibai a ɗakunansu da ma'aikata a bakin aikinsu. Ya sha shayi mai sukari har ya gundure shi. Malamin Croydon ya bar shi a tsaye a ƙofa har ya gama abin da yake yi, sannan ya shigar da shi ya yi masa wa'azi a kan yaran da ake lalatawa da wasa a ƙasar Turawa, shi kuwa yana zaune a ƙasa yana gyaɗa kai, jijiyar wuyansa tana harbawa. Shekaru bayan haka, da kafaɗar ta ƙare gaba ɗaya ya koma gida ya shiga siyasa, ya faɗi zaɓe ya sake tsayawa ya ci, ya zo London cikin wata tawaga ya neme ni. Ya yi ƙiba, mutane suna riƙe masa jaka. Ya ce mini duk abin da ya sani na neman ƙuri'a a bazarar nan ya koye shi, domin kafin nan yana zaton mutum da jawabi ake juya shi. Na ce masa ai har yanzu bai rage jawabin ba, ya yi dariya har da hawaye.

Saura 'yan kwanaki jirgi ya tashi, ranar Lahadi bayan la'asar, suka zo. Ba duka ba, amma manyan sun zo, har da Malamin Croydon, wanda ban san ko gyara ya zo yi ko ƙarasa ni ba. Alhaji ya zaunar da Mai Sanda a bakin ƙofa kusa da takalma, ya ɗora yatsa a leɓe. Ni ina kan matakala, inda nake jin komai ba a ganina. Aka yi ta gaisuwa kamar ba za a gama ba. Aka yi zancen damina a gida, aka yi zancen mulkin soja, aka yi zancen tsadar rago. Ina ta cewa a raina mutanen nan sun manta abin da ya kawo su. Sai can Alhaji ya gyara murya, ya yi magana da Hausarsu ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Likita, roko ne ya kawo mu. Ni na tsufa, Hajiya ma ya tsufa, yara duka sun yi aure sun tafi. Gida ya yi shiru. Yaro nan da ka ce zai bar gidanka, kada ka kai shi nesa. Ka ba ni shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Daga matakala ina jin agogon falo, na ji Umma ta tsayar da famfo a kicin. Sai Malamin Croydon ya ce, a daƙile, "Likita, babba ya roƙa."

"Alhaji," in ji Baba, "ai da ni da shi duk naka ne. Ɗauke shi."

Aka shafa Fatiha. Na sauko a guje na faɗa kicin, ina son in ɗaga Umma sama don murna. Na tarar ta janyo akwatin ta durƙusa a gabansa, tana fitar da rigunan kakata da sabulan tana ajiyewa a ƙasa, tana barin kayana a ciki, hawaye yana ɗiga a kansu. Na ce mata ai an fasa, ba zan tafi ba.

"Kano aka fasa," ta ce. "Ba aronka aka ba shi ba. Yau za ka bi shi."

Sai a lokacin na gane abin da aka yi. Ni ina zaton roƙo za su yi a bar ni, Mai Sanda ma haka ya zata. Amma Baba ya ce zan bar gidansa, kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. An ba da ni riƙo, yadda ake ba da ɗan fari a gida tun kaka da kakanni, sai dai nawa riƙon a ƙetaren kogin London ne. Na samu abin da nake nema, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba.

Alhaji da motar shagonsa ya zo, mai warin ɗanyen nama. Na saka akwatin a baya na shiga na zauna. Ƙannena sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, Umma ba ta fito ba. Baba ya rako Alhaji har jikin mota kamar yadda ake raka babba, suka yi musabaha. Na sunkuyar da kai ina jiran ya juya. Sai na ji ya rage murya.

"Alhaji, da hagu yake jifa. Kada Hajiya ta gani ta ce za ta gyara masa."

Tun ina ƙarami aka raba ni da hagu. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake karɓa in miƙa, ko Umma ta ɗauka an gama da wannan tuntuni. Wuri ɗaya ne a duniya nake sakin hannun nan, shi ne filin da Baba bai taɓa takawa ba, a iya sanina. Ban san ranar da ya je ba, ban san bayan wace bishiya ya tsaya ba, ban san sau nawa ba. Na ɗago ina son in ce wani abu, ko da na gode ne, amma ya riga ya juya yana gyara hularsa. Mai Sanda kuwa, da aka sake masa baki, yana ta dukan jikin motar da tafin hannu yana cewa mun ci, mun ci.

Gwajin na je, an ɗauke ni, na yi 'yan shekaru ina wasa kafin a samu waɗanda suka fi ni. Alhaji da Hajiya sun riƙe ni kamar su suka haife ni, Allah ya jiƙansu. Woolwich kuwa sai dai in je gaisuwa, a kawo mini ruwa a kofin baƙi, in tashi kafin magariba. Da bazara ta zagayo Baba ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, a can ya rasu. Tun daga yammacin nan ban sake kwana a gidansa ba.